Indiya Ba Baki Ɗaya Gare Ta Ba

A hutun da ya wuce na je gida Maraɗi, na tarar da wata gardama da ta girme ni tana nan da ranta. Wani dare ne aka ɗauke kuran, muna zaune ƙofar gida ana dafa shayi. Ƙanena ya jingine salularsa jikin buta, yaran unguwa sun yi mata rumfa da kawunansu. Fim ɗin Indiya ne mai fassarar Hausa: jarumi ya kai naushi ɗaya, mutum huɗu sun tashi sama. Sai ga Kawu, yayan mahaifiyarmu, tsohon tela, ya dawo daga masallaci. Ya leƙa, ya yi tsaki, ya ce: "Wanga ba Indiya ba ne. Indiya ta mutu tun ran da anka koya mata Hausa."

Ƙanena ba ya barin ta kwana. Ya ce: "Haba Kawu, ku da kunka shekara talatin kuna kallon abin da ba ku jin ko kalma guda?"

Kawu ya dube shi ya ce: "Kai yaro, wa ya ce maka ba mu ji?"

Muka kwashe da dariya, har da ni. Sai da na koma Yamai, ina bitar darasin aron kalmomi don jarrabawa, maganar ta dawo mini. Tun ran nan nake zargin kaina da cewa na yi wa dattijo dariya a kan gaskiyarsa. Wannan rubutu ƙoƙari ne na biyan bashin, amma ban yi alkawarin ba shi gaskiya duka ba.

Duk mai zama fada ya san rukunin nan biyu. Na farko su Kawu ne, waɗanda suka yi kallo a silimar da ba ta da rufi, daga baya suka koma kaset. Wurinsu fim shi ne Mother India na 1957, da Sholay na 1975, in an matsa ƙwarai a kai ga Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995. Hujjarsu uku ce: na da akwai ma'ana, akwai kunya, akwai waƙa. Su ne suka raɗa wa Dharmendra suna Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin. Rukuni na biyu su ƙanena ne, masu kai memori wurin mai turi ya cika musu da dala ashirin. Su kuwa Vijay suka sani, da Suriya, da Dhanush, da Vijay Sethupathi. Hujjarsu ita ma uku ce: na yanzu ba ya ja da labari, faɗansa ya fi kyau, kuma ana jin abin da ake cewa.

Kowa na ɗauka faɗan tsoho da sabo ne. Ni a ganina rabinsa kawai ke nan. Ɗaya rabin faɗan harsuna biyu ne da muka haɗa muka ba su suna guda, muka ce "Indiyanci". Kusan duk abin da Kawu ke yabo an yi shi ne a Bombay, da Hindi. Waɗancan jarumai huɗu na ƙanena kuwa duka ƴan Chennai ne, masu yi da Tamil. Hindi da Tamil ba kamar Katsinanci da Aderanci ba ne, da za a ce kowa ya ji kowa. Ko dangi ba su haɗa ba. Hindi na cikin zuriyar harsunan Indiya da Turai, ɗan uwan Faransanci ne na nesa: biyu, bakwai, goma a Hindi su ne do, saat, das, duk wanda ya yi lakkwal zai jiyo ƙamshin na Faransanci a ciki. Tamil kuwa daga zuriyar Dirabidiya yake, a can irandu, ezhu, pattu ake cewa. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai ta Hausa da Zabarmanci, in ba ta fi ba.

To a nan ne maganar Kawu ta tsaya da ƙafarta. Harshen tsofaffin fina-finan Bombay ba tsantsar Hindi ba ne, ya jingina sosai da Urdu, Urdu kuwa ya sha Larabci da Farisanci ya ƙoshi. Manyan marubutan waƙoƙin lokacin, irin su Sahir Ludhianvi da Shakeel Badayuni da Majrooh Sultanpuri, mawaƙan Urdu ne tun kafin su shiga fim. Javed Akhtar, wanda suka rubuta Sholay shi da Salim Khan, ɗan wani mawaƙin Urdu ne. Mu ma Hausa daga rijiyar Larabcin nan muka ɗebo. Sai ga shi jarumi na kuka yana cewa duniya, mu ma duniya muke cewa. Ya ce zamana, mu zamani. Ya ce zulm da zalim, mu zalunci da azzalumi. Dua ita ce addu'a, naseeb nasibi, niyat niyya, izzat izza, shaitan shaiɗan, haram haram. Har waɗanda suka sake kama a bakinmu suna nan: khabar shi ne labari, waqt shi ne lokaci, kitab littafi, aql hankali.

A lura da irin kalmomin. Ba na cefane ba ne. Kalmomin ƙaddara ne da zalunci da mutunci da roƙon Allah, wato ainihin ginshiƙan labarin. Mutum na zaune cikin duhu, bai ji jimla ba, amma duk bayan ɗan lokaci sai wata kalma ta faɗo masa kamar tsani, a daidai wurin da zuciyar labarin take. Sauran sai fuska da kiɗa su cika. Ga kuma Nargis a Mother India tana jan garma da kanta, ga mai ba da bashi ya cinye gona da ruwan kuɗi, ga ambaliya ta share amfani. Manomin Gobir ba ya bukatar tafinta a nan. Saboda haka da Kawu ya ce suna ji, bai yi ƙarya ba. Suna jin abin da ya isa su gina sauran da kansu.

Wannan gini da kai shi ne abin da nake ganin su Kawu ke kewa, ko da ba haka suke faɗinsa ba. Ya ba ni labari cewa in an tashi daga silima, tun daga ƙofa har gida gardama ake: mi ya ce mata a bakin kogi, don mi uban ya ƙi. Kowa da fassararsa, wanda ya kalli fim sau bakwai shi ne malami. Ashe ma'anar da suke cewa fim ɗin da na da ita, wani kasonta su suka zuba ta. Mutum kuwa ba ya raina abin da ya sa hannunsa a ciki.

Tamil bai ba kunnen Bahaushe wannan tsani ba. Kalmomin Larabci a cikinsa kaɗan ne, ba su kuma zauna a tsakiyar zance ba. Shi ya sa nake ganin ba haɗari ba ne da fina-finan kudu ba su kama ƙasarmu ba sai da fassara ta zo daga Kano, wadda yau kowa ke kira Algaita ko wane ne ya yi ta. Ba don kudu ba ta da fim ba ne a da. Nayakan na Mani Ratnam ya fito tun 1987, Baashha na Rajinikanth a 1995, shekara ɗaya da Dilwale. Kai, su Kawu ma sun daɗe suna kallon Tamilawa ba su sani ba: Hema Malini, mai keken doki a Sholay, Batamila ce, haka Vyjayanthimala, Sridevi ma a fina-finan Tamil ta tashi. Su ƙanena kuma da ke cewa Bombay ta gaza, ba su lura ruwan ya daɗe da gauraya ba. Ghajini na Aamir Khan na 2008 maimaicin na Suriya ne na 2005, darakta ɗaya ya yi su. Singham na 2011 daga Singam na 2010 aka ɗauko shi. Jawan na Shah Rukh Khan na 2023 kuwa, darakta da mai kiɗa da jaruma da mugun duk daga masana'antar Tamil suka zo.

Yanzu bari in taɓa kowane ɓangare inda yake masa ciwo.

Kawu, ku yi haƙuri, maganar kunya ba ta tsaya ba. A cikin Sholay ɗin nan Helen ta yi rawa gaban ƴan fashi da shigar da ba za ku yarda a kalla a tsakar gidanku ba. Maganar zubar da jini ma haka: Gabbar ya kashe iyalin Thakur har da ƙaramin yaro, ya sare masa hannuwa biyu. Mother India da kanta da mi ta ƙare? Uwa ta ɗauki bindiga ta harbe ɗanta. Bambancin shi ne a da kamara na kau da kai, yanzu tana zuba ido. Wannan bambanci ne na gaske, na yarda, amma na salo ne, ba wai mutanen da sun fi tsarki ba. Sannan Bombay ta yi fim barkatai a shekarun nan, mafi yawansu ba wanda ke tuna sunansu. Guda goman da suka tsira su ake ɗorawa a sikeli ɗaya da duk tarkacen da mai turi ya zuba a memori makon jiya. Wannan awo ba adalci a cikinsa.

Inda na ba ku gaskiya ba tare da ja ba shi ne waƙa. A tsohon fim waƙa magana ce: abin da jaruma ba za ta iya faɗa gaban uba ba, sai muryar Lata Mangeshkar ta faɗe shi, in ka cire waƙar labari ya rame. A yawancin na yanzu, Hindi ko Tamil, waƙa talla ce da aka yi don ta zagaya salula kafin fim ya fito. Shi ya sa yara ke tsallake ta da yatsa ba su rasa komai ba.

Kai kuma ƙanena, naka ya fi yawa, don kai ne za ka daɗe kana kallo. Ka ce kana son na kudu don jarumansu baƙaƙe ne kamarmu. Na ji, kuma abin a yaba ne a ga Dhanush, siriri baƙi, yana jan fim. Amma ka dubi wadda ake tsayar masa a gefe. Sau da yawa fara ce sol, an ɗauko ta daga Mumbai, wata ce ma ke yi mata magana da Tamil. Namiji na da izinin zama baƙi, mace ba ta da shi, a garin da muke ganin abin da man bilicin ke yi wa ƴan uwanmu mata. Ga kuma jarumin da ke bin yarinya lungu-lungu, ta ce ba ta so sau goma, fim ya nuna nacinsa shi ne soyayya. Kana tafa masa, alhali in wani ya yi wa ƙanwarmu haka, kai ne farkon fita da sanda.

Faɗan da kake yabo ma iri biyu ne. Akwai wanda jarumi ba ya jin ciwo, ba ya tsoro, tun minti na biyar ka san ba abin da zai same shi, sai iska ta yi ta kaɗa masa riga. Wannan ba labari ba ne, kirari ne na awa uku. Akwai kuma irin Kaithi na Lokesh Kanagaraj, na 2019: fursuna ya fito bayan shekara goma, burinsa kawai ya ga ɗiyarsa da bai taɓa gani ba, sai ya tsinci kansa yana tuƙa babbar mota cike da ƴan sanda sumammu, cikin dare ɗaya. Babu jaruma, babu rawa. Kowane naushi a fim ɗin nan yana da farashi, don kana tsoron kada gari ya waye bai isa ba. Wannan zan iya ajiye shi kusa da Sholay ban ji kunya ba.

Sai babbar magana, wadda ta sa na ɗauki alƙalami: fassara. Ba na cikin masu zaginta. Masu yin ta gwanaye ne, sun san bakin tasha da na kasuwa, wani lokaci ba'arsu ta fi ta ainihin fim ɗin daɗi. Innarmu da ba ta taɓa zama aji ba yau tana bin labari daga farko har ƙarshe, ba mai yi mata bayani. Wanda ya raina wannan bai san darajar harshensa ba. Amma fassara na ba ka abu da hannun dama, ta karɓe wani da na hagu, kuma ba ta gaya maka.

Abin da take karɓewa shi ne bambancin baki. A fim ɗin Ek Duuje Ke Liye na 1981, Kamal Haasan saurayi ne Batamile, budurwar kuma ƴar arewa mai jin Hindi, maƙwabta ne a Goa, ba sa jin juna, iyaye kuma suka ƙi. Harshe shi ne katangar, har sai da ya zauna ya koyi Hindi. In aka sa su duka biyun suna Kananci, ina katangar? A Jai Bhim na 2021 akwai wurin da babban ɗan sanda ya mari wani mai karɓar jingina don ya amsa masa da Hindi, ya ce ya yi Tamil. Wannan mari ya tayar da ƙura a Indiya. A bakin Hausa zalla, mari ne kawai.

Asuran na Vetrimaaran, na 2019, ya fi ba ni tausayi. An gina shi kan littafin marubuci Poomani, da karin harshen yankin Tirunelveli, kuma kan wariyar asali yake: mutanen da ake ganin haihuwarsu ta sa su ƙasa. Akwai yarinyar da aka ɗora wa takalminta a ka aka zagaya gari da ita, laifinta kawai ta sa takalmi. Akwai uban da ya bi gida-gida yana faɗuwa gaban masu gona don a bar ɗansa. Da na tambayi ƙanena labarin mi ne, sai ya ce: "Mai kuɗi ne ke cin zalin talaka, talaka ya rama." Bai yi kuskure ba, amma an rage masa. Talaka na iya yin kuɗi gobe. Wanda aka ce asalinsa ne laifinsa fa? Kuma kada mu yi kamar baƙon abu ne a wurinmu. Mun san gidajen da ake fasa aure don an bincika an ce kakan yaro maƙeri ne, ko mahauci, ko bawa. Fim ɗin na magana da mu kai tsaye, muka ji faɗan muka bar saƙon.

Dalilin da ya sa Tamilawa ba sa wasa da harshe yana cikin tarihinsu. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya tanadi cewa bayan shekara 15 Hindi zai zama harshen gwamnatin tarayya shi kaɗai. Da lokacin ya yi, a Janairun 1965, jihar Madras ta kama da wuta, ɗalibai ne a gaba, an rasa rayuka, wasu sun cinna wa kansu wuta. A 1967 jam'iyyar DMK ta kayar da Congress a jihar, aka kuma gyara doka aka bar Ingilishi tare da Hindi. Su wa suka ja wannan tafiya? Mutanen fim. Karunanidhi, wanda ya rubuta Parasakthi na 1952, ya zama shugaban gwamnatin jihar a 1969. Jarumi M. G. Ramachandran ya riƙe kujerar daga 1977 har rasuwarsa a 1987. Jayalalithaa ma daga fim ta fito. Vijay ɗin ƙanena shi ma ya kafa jam'iyya a 2024. A can, fim da harshe da mulki igiya ɗaya ce.

Na san mai karatu ya hango inda na dosa. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasar Nijar, Faransanci da Ingilishi suka zama na aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma a ajinmu akwai wata Bazabarma, akwai Bafulatani, akwai ɗan Diffa mai Barbarci a gida. Ran da muke ta shewa, ita Bazabarmar ta ce mini cikin raha: "To, yanzu mu ne za a riƙa yi wa fassara ke nan?" Na rasa amsa. Duk lokacin da na kalli fim ɗin Tamil ina bayan wanda aka danne, ina jin ni ne shi. A lissafin harsunan ƙasarmu kuwa, mu ne masu rinjaye, kujerar Hindi muke kai. Nijar ba Indiya ba ce, tarihinmu daban, zamanmu da juna daban. Sai dai wanda ya saba jin duniya duka tana Hausa a salularsa, Batamile da Bahinde da ɗan sanda da ɓarawo, zai iya mantawa cewa maƙwabcinsa da wani harshe yake mafarki.

Mu kanmu ba mu tsira ba. Hausar fassara ta Kano ce. Yaran unguwarmu yanzu in suna wasan faɗa da bakin jarumi suke yi, "suka" da "muka", ba mai cewa "sunka" da "munka" sai in Inna ta kira shi ya amsa. Ba na kuka da wannan, harshe tafiya yake, ni ma ga shi da daidaitacciya nake rubutu. Amma ina tambaya: mi zai hana mai fassara ya yi amfani da arzikin da muke da shi? In fim ya bambanta bakin birni da na ƙauye, muna da Kananci da Gobiranci da Damagaranci da Aderanci. In Hindi ya raba tu da tum da aap, Tamil ya raba nii da niinga, mu ma muna da "kai" da "ku" na girmamawa. In mutum biyu ba sa jin juna, a bar ɗaya da harshensa na ɗan lokaci, mai kallo ya ɗanɗani rashin ji. Haɗarin da ke ciki na sani: kada a mayar da bakin wani yanki na wawa ko na mugu kullum. Wannan kuwa aikinmu ne mu masu karatun harshe, mu daina tsayawa gefe muna taɓe baki.

Kafin in dawo na yi wani gwaji. Na samo Kaithi ba fassara, na ce Kawu da ƙanena su zauna. Minti ashirin ƙanena ya fara mutsu-mutsu, yana tambaya mi anka ce. Kawu bai ce uffan ba, ya kafa ido. Can wajen da fursunan ya zauna gaban tukunyar shinkafa yana ci kamar ba gobe, sai Kawu ya gyaɗa kai ya ce: "Wanga ya daɗe bai ci abincin gida ba." Ba kalmar Larabci ko ɗaya da ta taimake shi. Ido ne da ya yi shekara talatin yana koyon karatun fuska.

Da aka gama na ce: "Kawu, yaya kuka gani?" Ya ce fim ne, amma ba waƙa. Ƙanena kuma ya ce gobe zai kai memori a sa masa mai fassara, don ya ji abin da mutumin ke faɗa wa ɗiyarsa. Ban hana shi ba. Na dai roƙe shi abu guda: in ya je, ya tambayi mai turi da wane harshe aka yi fim ɗin tun asali. Ya dawo ya ce mini mai turin ya ce Indiyanci.